*SANKARAR MAMA: SHIN DA GASKE NE "DAJI BA YA SON ƘARFE"?*

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Iyayena mata, ƙannena da 'ya'yana na Kankia da Kusada da kewaye, da ku magidanta da ke karanta ma iyalanku waɗannan darussa, Allah Ya ƙara mana lafiya da imani.

Darasin yau babu haɗin magani a cikinsa. Wanda ya buɗe yana jiran in ce a samo kaza a daka da kaza, to ya yi haƙuri, amma don Allah ya karanta har ƙarshe. Magana ce a kan ciwon daji na nono, wanda wasu ke kira sankarar mama, da wata magana da muka gada wadda ta kai mata da yawa kabari: wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura.

*Abin da ya faru a hannuna*

Shekaru sama da ashirin da suka wuce, wani bawan Allah ya kawo mani matarsa daga wani ƙauye tsakanin Kankia da Kusada. Ƙullutu ne a nononta na hagu, bai wuce ƙwallon dabino ba, ba ya ciwo. Mijin ya ce an ce su je asibiti, amma dangi sun hana, sun ce in ƙarfe ya taɓa shi zai yaɗu. Ni ma a lokacin haka na ɗauka. Na ba ta na sha, na ba ta na shafawa, na yi tofi, na ce su dawo.

Sun yi ta dawowa. Damina ta wuce, kaka ta wuce. Ƙullutun ya kai girman lemo, kaluluwa ta fito a hammata, daga baya wurin ya fashe ya zama gyambo. Da aka kai ta asibiti, abin ya riga ya kai ga ƙashin baya. Ta rasu ta bar ƙananan yara. Allah Ya jiƙanta.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma na san kuma Allah zai tambaye ni watannin nan da na riƙe ta a kan abin da ba ni da iliminsa. Tun daga ranar na ɗauki alkawari: mace duk da ta zo mani da ƙullutu a nono, ba zan ba ta ko cokali ɗaya ba sai ta je an gwada. Kuma na shiga tambayar likitoci da neman abin da masu bincike suka gano. Ga shi zan faɗa maku a taƙaice.

*1. Mene ne wannan ciwo?*

Allah Ya gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Kowace tana da tsarin da take bi: ta rayu, ta hayayyafa gwargwadon buƙata, ta mutu wata ta maye gurbinta. Sankara ita ce a samu wasu ƙwayoyin da tsarinsu ya lalace, su yi ta hayayyafa babu tsayawa. A nono, yawanci abin yana farawa ne a cikin hanyoyin da ruwan nono ke bi, ko a cikin 'yan jakunkunan da ke samar da shi.

Da farko yana nan wuri ɗaya, kamar wutar da ta kama gefen dangar gida. In aka bar shi, sai ya bi ta kaluluwar hammata da jini ya tafi ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa. Shi ya sa likitoci suka kasa shi mataki huɗu. Na ɗaya da na biyu, wutar tana danga. Na huɗu, ta kama rumbu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwo a duniya, kimanin 670,000 suka rasu. A Najeriya shi ne kan gaba a cikin ciwon dajin da ke kama mata: a ƙiyasin wannan shekarar, sababbin kamu sun haura 30,000, waɗanda suka rasu kuma kusan rabin wannan adadi. Maza ma yana kama su, amma kaɗan ne, kusan ɗaya cikin ɗari na masu ciwon.

*2. Ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne babbar magana*

Ku natsu a nan. Abu mafi girma da bincike ya gano a zamaninmu shi ne cewa abin da muke kira sankarar mama da suna ɗaya, cututtuka ne daban-daban. Mata biyu za su zo da ƙullutu iri ɗaya a ido da a hannu, amma maganin wannan ba zai yi ma waccan komai ba.

Idan aka ɗebo ɗan naman aka kai ɗakin gwaji, ana duba irin "ƙofofin" da ke jikin ƙwayoyin ciwon, wato ta inda suke samun abin da ke ciyar da su:

• *Iri na farko:* wanda ke cin sinadarin mata, wato istirojin ko furojestaron. Wannan ana toshe mashi ƙofa da ƙwayar magani irin su tamoksifen, a sha kullum tsawon shekara 5 zuwa 10.

• *Iri na biyu:* wanda ke da yawan wani sinadari da ake kira HER2. Da can yana cikin mafi saurin kisa. A 1998 aka fara amfani da allurar Herceptin a Amurka, wadda shi kaɗai take nema ta kama, sai labarinsa ya sauya.

• *Iri na uku:* wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan uku. Ba ya jin tamoksifen, ba ya jin Herceptin, yana da sauri, kuma babban makaminsa shi ne ƙarin ruwan da ake kira kimo.

Wata 'yar Najeriya, Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago, ita da abokan aikinta na Ibadan, sun daɗe suna bincike a kan matan Afirka ta Yamma. Sun nuna cewa irin nan na uku ya fi yawa a cikin matanmu a kan matan Turawa. Kuma an lura a nan ƙasar ciwon yana yawan kama mace tana shekara arba'in da wani abu, tana tsakiyar renon 'ya'yanta.

To 'yata, ki yi tunani. Ni da nake zaune a shago da turmi da garin magani, ta ina zan san wane iri ne a jikinki? Wallahi ba zan sani ba. Likitan ma da ya yi shekaru yana karatu ba ya sani da hannunsa, sai ya aika ɗakin gwaji. Duk wanda ya taɓa ƙullutu ko ya ji bayani a waya ya ce ga maganin sankara, gora kaza kuɗi kaza, to ya faɗi abin da bai sani ba, ko da kuwa rawaninsa ya kai nawa girma.

*3. Me ke kawo shi?*

Ba a ɗaukarsa daga wata. Ki ci abinci da mai shi, ki wanke mata kaya, ki kwana ɗaki ɗaya da ita, babu abin da zai same ki. Babu wata hujja kuma da ta nuna cewa sa kuɗi ko waya a rigar mama na kawo shi. Maganar sammu da kishiya kuwa, mu ji tsoron Allah. An raba zumunci, an kashe aure a kan zato, alhali ciwon yana ci gaba da cin baiwar Allah. Ki yi azkar ɗinki na safe da yamma, ki yi ruƙya, amma ki je a gwada.

Abubuwan da bincike ya tabbatar suna ƙara haɗari su ne: yawan shekaru, ƙiba musamman bayan ɗaukewar haila, rashin motsa jiki, shan giya, fara haila da wuri ko jinkirin ɗaukewarta, da rashin haihuwa ko jinkirin haihuwar fari. Duk da haka, kusan rabin masu ciwon babu wani dalili da aka gani tare da su in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. Don haka kada a zargi kowa.

*Gado:* a 1994 da 1995 aka gano wasu ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2. Aikinsu gyaran ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayoyin halitta, kamar mai yaɓen katanga kafin damina. In mace ta gaji lalatacce, haɗarinta na sankarar mama da ta ƙwan haihuwa yana ƙaruwa sosai. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan mata fiye da 1,000 masu ciwon a Ibadan ya samu kusan ɗaya cikin bakwai na ɗauke da irin wannan gado. Kuma ku lura, ana gadonsa ta wajen uba kamar yadda ake gadonsa ta wajen uwa. In mahaifiyarki, yayarki, innarki ko gwaggonki ta yi wannan ciwo, musamman tana da ƙuruciya, ki gaya ma likita. Ɓoye ciwon dangi don kada a ƙi auren 'ya'yansu ba ya kare kowa.

*Shayarwa:* a nan akwai abin godiya. A 2002 masana suka haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, suka ga duk wata 12 da mace ta yi tana shayarwa haɗarinta yana raguwa da kimanin kashi 4 cikin ɗari, ban da ragin da kowace haihuwa ke kawowa. Alƙur'ani kuwa, a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa. Amma ragi ne, ba katanga ba. Matar da na ba ku labarinta ta haihu, ta shayar. Kada ki ce na haifi takwas don haka ba ruwana.

*4. To daga ina maganar ƙarfe ta fito?*

Ta fito ne daga abin da mutane suka gani da idonsu, amma suka yi mashi fassarar kuskure. Mace za ta ɓoye ƙullutu shekara guda, a zaga wurin masu magani wata shekarar, sai abin ya fashe sannan a ɗauke ta zuwa Katsina ko Kano ko Zariya. A yi aiki, bayan wata kaɗan ta rasu. Sai a ce ai ga shi nan, ƙarfe ya taɓa. Alhali ciwon ya riga ya bar nonon tun kafin wuƙa ta zo. Kamar a kira masu kashe gobara bayan rumbu ya cinye, sannan a ce ruwansu ne ya ƙone hatsin. Wata ta gani ta tsorata, ita ma ta ɓoye nata. Haka abin ke ta zagayawa.

Allurar da ake ɗebo ɗan nama da ita don gwaji ba ta watsa ciwon. Kuma mafi yawan ƙullutun nono ma ba sankara ba ne. Sau da yawa gwajin nan shi ke ba mace kwanciyar hankali ta koma gida tana hamdala.

Ku ga bambancin da lokaci ke kawowa. A ƙasashen da ake gano shi da wuri, tara cikin goma na matan suna nan da rai bayan shekara 5. Amma wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka biyar, aka buga a 2020, ya samu cewa a asibitocin Najeriya da aka bi, kashi 36 cikin ɗari ne kawai ke raye bayan shekara 3. Manyan dalilan su ne zuwa a makare da rashin kammala magani.

Kuma kada wani ya ce yanka aikin Nasara ne. Babban likitan Musulunci na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rayu sama da shekara dubu da suka wuce, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif cewa irin wannan ciwo in yana ƙarami, a wurin da za a iya cire shi duka kamar nono, to a cire shi; in kuwa ya daɗe ya girma, shi bai taɓa warkar da irinsa ba. Imamu Muslim kuma ya rawaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya aika ma Ubayyu ɗan Ka'abu likita, ya yanke mashi wata jijiya ya yi mashi lalas. To ina "ba ya son ƙarfe" a nan?

*5. Yadda ake magance shi yau*

Gwargwadon iri da mataki, likitoci suna haɗa wasu daga cikin waɗannan:

• *Aiki:* in ƙullutun ƙarami ne, sau da yawa shi kaɗai ake cirewa a bar nonon, a bi da gashi. Mai tsoron rasa nono, zuwa da wuri shi ne hanyar tsira da shi.
• *Kimo:* ƙarin ruwa ne da ake yi zango-zango. Yana kawo amai, kasala da zubar gashin kai, amma gashin yana dawowa bayan an gama. Kada a daina a tsakiya don an ga ƙullutun ya motse. Kashe maciji ne ba a sare kansa ba.
• *Gashi na na'ura:* don ƙone abin da ya rage a wurin.
• *Ƙwayoyi da allurai* na musamman ga iri na farko da na biyu. Har masu gadon BRCA yanzu an samar masu ƙwayar da ke amfani da raunin nan nasu ta kashe ciwon.

Ko wadda nata ya riga ya yaɗu, kada a ce an gama. Akwai maganin da ke rage shi, ya rage zafi, ya ƙara mata kwana cikin mutunci da yardar Allah.

*6. Ina gurbin maganinmu?*

Ni mai maganin itatuwa ne, a kansa na tsufa, ba zan raina shi ba. Ɗaya daga cikin manyan magungunan kimo na sankarar mama, Taxol, daga ɓawon wata bishiya ta Amurka aka fara samo shi. Amma sai da aka tace, aka auna, aka gwada a kan dubban mutane kafin a san adadin da ke kashe ciwo bai kashe mai ciwo ba. Wannan shi ne abin da turmina ba zai iya ba.

Hadisin habbatus sauda ingantacce ne, haka falalar zuma. Amma wanda ya faɗe su (SAW) shi ne ya aika likita, kuma malamai sun yi bayani cewa kowace cuta da maganin da ya dace da ita da gwargwadonsa. Wasu masana a Jami'ar Yel ta Amurka sun bi sawun masu ciwon daji da suka ƙi asibiti suka tsaya ga maganin gargajiya kaɗai. A rahotonsu na 2018, masu sankarar mama a cikinsu haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka yi maganin asibiti fiye da sau biyar.

Don haka:
• Zuma, dabino, zogale a miya, kunu, wake, ƙwai, kayan lambu: abinci ne, suna taimaka ma jiki ya jure magani.
• Addu'a, ruƙya, sadaka: a dage, babu abin da ke hana su.
• Kada a shafa ma ƙullutu wani abu mai ci don ya fashe. Kada wanzami ya tsaga, kada a yi ƙaho a wurin.
• Mai shan maganin asibiti kada ta haɗa da wani jiƙo sai likitanta ya sani. Wani gwaji a ƙasar Holan a 2019 ya nuna ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi suna rage ƙarfin tamoksifen a jini. Abu mai kyau ma yana iya ɓata wani mai kyau.

*7. Kunya da hukuncin Shari'a*

Na san abin da ke hana da yawa: wa zan buɗe ma ƙirjina? Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta jero abin kamar haka: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace wadda ba Musulma ba, in babu sai namiji Musulmi amintacce, in babu sai wanda ba Musulmi ba, a buɗe iya wurin lalura, kuma mijinta ko muharraminta ko wata amintacciyar mace na wurin. Kunya ado ce, amma kunyar da za ta mayar da yara marayu ba ita addini ya yaba ba.

Kai kuma maigida, magana gare ka. Da yawa ba kunya ke hana su ba, jiran izininka ne da kuɗin mota, da tsoron in an cire nono za ka juya mata baya. Ka zama kai ne mai cewa tashi mu tafi. Akuyar da ba ka sayar ba yau don gwaji, gobe saniya ba za ta isa ba.

*8. Abin da za ki yi daga yau*

Sau ɗaya a wata, bayan kin yi wankan tsarki da 'yan kwanaki, ki duba nonuwanki a madubi, sannan ki shafa da tafin yatsu har cikin hammata. Wadda haila ta ɗauke ma, ta zaɓi rana ɗaya, misali ganin sabon wata. Ki lura da:

• ƙullutu a nono ko hammata, *ko da ba ya ciwo*. Mafi yawan na sankara ba sa ciwo da farko
• kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini ko wani ruwa ba na shayarwa ba
• fata ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemo
• nono ɗaya ya sauya girma ko kama
• ƙuraje ko gyambon da ya ƙi warkewa
• mai shayarwa da kumburin nononta ya ƙi sauka bayan an sha magani

In kin ga ɗaya, cikin satin nan ki je, kada ki jira bayan girbi ko bayan biki. Ko kina Rimaye, Kafin Soli, Mawashi ko Yashe, ki fara da asibitin da ke kusa ko Babban Asibitin Kankia, ki nemi a tura ki inda za a yi hoto da gwajin nama. A 2025 an buɗe cibiyar kula da ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Akwai kuma Asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a kammala gano ciwon cikin kwana 60 daga zuwan farko, don haka ki bi sawun sakamakonki, kada takarda ta kwana a jaka. In ya fito, ki tambayi likita abu biyu: *wane iri ne, kuma wane mataki?* Wadda ta haura arba'in, ko mai tarihin ciwon a dangi, ta tambaya game da hoton mamogiram ko da ba ta ji komai ba.

Ku kuma 'yan uwana masu sana'ar magani, mu ji tsoron ranar da za a tsayar da mu. Cewa "wannan ba nawa ba ne, je asibiti" ba ya rage daraja, kuma ba ya rage arziki.

Wadda ta karanta ta karanta ma wadda ba ta iya ba, a gidan suna, a islamiyya, a tsakar gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya yafe mana abin da muka yi cikin jahilci. Wallahu a'alam.